Idon Ungozoma: Annobar Talidomaid da Asalin Aikin Kare Ɗan Tayi

Tsakanin 1957 da 1962 an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe 46 da wata irin nakasa da likitoci da yawa ba su taɓa gani ba sai a littafi. Wani ya zo ba hannuwa, sai 'yan yatsu manne da kafaɗa. Wani ba ƙafafu, wani ba kunnuwa, wani kuma jikinsa lafiya a ido amma zuciya ko hanji ba su gama haɗuwa ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗannan yara sun mutu a lokacin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Sanadin duka ƙwayar magani ce guda, talidomaid, wadda aka riƙa ba mata masu ciki don su sami barci, su kuma sami sauƙin laulayi.

Idan ana ba da labarin yadda aka gano bakin zaren, sunaye uku ake yawan ambata, kuma duka likitoci ne: William McBride na Ostareliya, Widukind Lenz na Jamus, da Frances Kelsey ta hukumar abinci da magunguna ta Amurka. Akwai ta huɗu wadda sunanta bai fito a mujallar kimiyya ba. Ita ce Sista Pat Sparrow, ungozoma a asibitin mata na Crown Street da ke birnin Sidni. Abin da ta yi a 1961, wato ta lura da abin da ke maimaituwa, ta haɗa shi da abin da aka ba iyaye mata, ta kuma faɗa wa wanda ke sama da ita, shi ne a yau ya zama ginshiƙin aikin ma'aikatan jinya wajen kare ɗan tayi.

Katangar da aka dogara da ita

Har tsakiyar ƙarni na 20, likitoci da yawa sun ɗauki mabiyiya a matsayin katanga. A ganinsu tana tace jinin uwa, ta bar abinci da iska su wuce, ta tare abin da zai cutar. Idan jariri ya zo da nakasa, sai a jingina abin ga gado. Wannan fahimta ta sa ba a ɗauki gwada magani a kan dabbobi masu ciki a matsayin wajibi ba, kuma dokokin yawancin ƙasashe ba su tilasta hakan ba.

Alamar farko mai ƙarfi cewa katangar tana da ƙofa ta fito ne daga Sidni, shekara 20 kafin Sista Sparrow. A 1941 wani likitan ido mai suna Norman Gregg ya ga jarirai masu yanar ido sun yi yawa fiye da yadda aka saba. Ya ji wasu iyaye mata biyu a ɗakin jiransa suna hirar cewa sun yi ƙyandar rubela a farkon cikinsu. Ya bi diddigi, ya tattara bayanan yara 78, ya tarar 68 daga cikinsu iyayensu sun yi cutar suna da ƙaramin ciki. Duk da haka, abin da aka ɗauka daga binciken Gregg shi ne ƙwayar cuta na iya ƙetarawa. Ba a faɗaɗa tunanin zuwa ƙwayar magani da ke cikin aljihun kowace nas mai aikin dare ba.

Maganin da aka ce ba ya kisa

Kamfanin Chemie Grünenthal da ke garin Stolberg a Jamus ta Yamma ne ya haɗa talidomaid, ya fara sayar da shi ranar 1 ga Oktoba 1957 da sunan Contergan. Abin da ya sa ya karɓu shi ne magungunan barci na wancan zamani suna kisa idan aka sha da yawa, shi kuwa an gwada shi a kan ɓeraye an kasa samun adadin da zai kashe su. A Jamus ana sayen sa ba tare da takardar likita ba. A Birtaniya kamfanin Distillers, wanda aka fi sani da harkar giya, ya karɓi lasisi ya fitar da shi a 1958 da sunan Distaval, kuma tallarsa ga likitoci ta tabbatar musu cewa za a iya ba masu ciki da masu shayarwa ba tare da fargaba ba. Babu gwajin da ya goyi bayan wannan magana.

Jaririyar farko da aka sani ta gamu da illarsa an haife ta ranar 25 ga Disamba 1956, ba ta da kunnuwa. Mahaifinta ma'aikacin Grünenthal ne, ya kai wa matarsa samfurin maganin gida tun kafin ya shiga kasuwa.

A nan ne ya kamata a lura da matsayin ma'aikatan jinya a cikin labarin. Su ne hannun da maganin ke bi ya isa ga majinyaci. A asibitoci da yawa, ƙwayar barci abu ce da ake rabawa da dare kamar yadda ake gyara shimfiɗa, kuma saboda an ɗauke ta ba komai ba, sau da yawa ba a rubuta ta a katin mara lafiya. Wannan giɓi a rubutu ya jinkirta gano gaskiya, domin lokacin da aka fara bincike, an rasa shaidar wa ya sha me, kuma yaushe.

Jarirai uku a Crown Street

Asibitin Crown Street shi ne mafi girman asibitin haihuwa a Sidni a wancan lokaci. A 1960 wakilin Distillers ya kawo wa McBride, matashin likitan mata mai tarin majinyata, samfurin Distaval. Ya ga yana tsayar da amai, sai ya riƙa rubuta wa mata masu laulayi.

A watannin Mayu da Yuni na 1961, cikin makonni kaɗan, aka haifi jarirai uku a asibitin da nakasa iri ɗaya: ƙashin hannu bai cika ba, hanji kuma a toshe. Dukkansu sun mutu. Irin wannan nakasa, ungozoma kan yi shekaru tana aiki ba ta ga ko ɗaya ba. McBride ya ba da labarin gano dalilin a matsayin abin da ya fahimta da ya zauna ya duba fayilolin iyayen. Amma bayanan da suka fito daga baya, har da na ɗan jarida kuma likita Norman Swan, sun nuna Sista Sparrow ce ta fara zargin maganin. Ta lura cewa duka ukun 'ya'yan majinyatan McBride ne, kuma abin da ya bambanta majinyatansa da na sauran likitocin asibitin shi ne Distaval.

Ba mamaki a ce ita ta fara gani. Kowane likita majinyatansa kaɗai ya sani. Ungozomar da ke riƙe da ɗakin haihuwa kuwa tana karɓar haihuwar majinyatan kowa, ta san wane likita ke rubuta wane magani, kuma ita ce ke tsaye lokacin da jariri ya faɗo. Kwatancen da masana ke kashe watanni suna tsarawa, tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, yana gabanta kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Asibitin ya daina amfani da maganin a watan Yuni. McBride ya sanar da ofishin Distillers na Sidni, amma gargaɗin bai sa an yi wani abu a Landan ba sai a watan Nuwamba. Wasiƙarsa gajera ta fito a mujallar The Lancet ranar 16 ga Disamba 1961. A ciki ya ce nakasar haihuwa kan shafi kusan jarirai 1.5 cikin 100, amma a 'ya'yan matan da suka sha talidomaid ya ga abin ya kusa 20 cikin 100. Sunansa kaɗai ke ƙarƙashin wasiƙar. A watannin da suka shuɗe tsakanin Yuni da ƙarshen shekara, mata a ƙasashe da dama sun ci gaba da shan maganin.

Hambug, Sikotlan da Washinton

A Jamus, inda aka haifi kusan 5,000 daga cikin yaran, wani lauya mai suna Karl Schulte-Hillen ya je wurin Lenz, likitan yara a Hambug, bayan an haifa masa ɗa mai guntayen hannuwa, 'yar'uwarsa ma ta haifi ɗiya mai irin wannan nakasa. Lenz da abokin aikinsa Klaus Knapp suka shiga gida-gida suna tambayar iyaye mata. Da yawa sun ce ba su sha komai ba, domin ba su ƙirga ƙwayar barci cikin magunguna ba, sai da aka ce su ɗauko duk abin da ke cikin akwatin maganin gidan. A tsakiyar Nuwamba 1961 Lenz ya sanar da kamfanin, jaridar Welt am Sonntag ta buga labarin ranar 26 ga wata, aka janye Contergan nan take. A Sikotlan ma, likitan yara A. L. Speirs ya gamu da irin wannan mantuwa. Sai da ya bi takardun magani da aka rubuta, ya tarar takwas cikin iyaye goma sun karɓi Distaval.

A Amurka, kamfanin Richardson-Merrell ya nemi izinin sayar da shi da sunan Kevadon a watan Satumba 1960, aka miƙa takardun ga Kelsey, wadda ba ta daɗe da kama aiki ba. A shekarun 1940 ta yi bincike kan kwinin a jikin zomaye masu ciki, ta ga yana ƙetare mabiyiya. Da ta karanta rahoton wani likitan Birtaniya cewa talidomaid yana lalata jijiyoyin yatsu, sai ta nemi a kawo mata shaidar cewa ba ya taɓa ɗan tayi. Kamfanin bai da ita. Ta ƙi sa hannu duk da matsin lamba, har aka janye buƙatar a Maris 1962. Amma kamfanin ya riga ya raba ƙwayoyi kusan miliyan 2.5 ga likitoci fiye da 1,000 da sunan gwaji, kuma hukuma ta tabbatar da yara 17 da abin ya shafa. A Kanada sai Maris 1962 aka janye maganin, a Japan kuwa ya kai Satumba.

'Yan kwanakin da suka fi haɗari

Babban abin da binciken Lenz ya bar wa masu aikin jinya shi ne muhimmancin lokaci. Talidomaid yana yin ɓarnarsa ne tsakanin kwana 20 da 36 bayan shigar ciki, wato kwana 34 zuwa 50 daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara. A farkon wannan zango kunnuwa da idanu yake taɓawa, daga nan hannuwa, sannan ƙafafu, a ƙarshe babban yatsa. Ƙwaya ɗaya tak ta isa. A waɗannan kwanaki mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba.

Yadda yake aikin kuwa sai a 2010 masu bincike a Japan suka gano cewa yana manne wa wani furotin mai suna serebulon, daga baya kuma aka gano cewa hakan na sa jiki ya rushe wasu furotin da tayi ke buƙata wajen gina gaɓoɓi. An kuma gano tun farko cewa ɓeraye ba sa nuna illar yadda zomaye da birai ke nunawa, abin da ya sa a yanzu ake gwada sabon magani a kan aƙalla nau'in dabba biyu masu ciki.

Dokoki sun canza, nas ta jira

A Oktoba 1962 Amurka ta kafa dokar Kefauver-Harris, wadda ta wajabta wa kamfani ya nuna maganinsa yana aiki kuma ba ya cutarwa, a kuma nemi yardar mutum kafin a yi gwaji a kansa. A 1964 Birtaniya ta ɓullo da tsarin kati mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani. A shekarar ne kuma Ingila da Wels suka fara rajistar nakasar haihuwa, wadda ta dogara da abin da wanda ya karɓi haihuwa, galibi ungozoma, ya rubuta. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan magunguna na ƙasa da ƙasa, wanda cibiyarsa ke Upsala a Suwidin tun 1978.

Sai dai tsarin katin na Birtaniya likitoci da likitocin haƙori da masu binciken musabbabin mutuwa kaɗai ya ba dama da farko. Ma'aikatan jinya da ungozomomi ba su sami cikakken izinin cike katin da sunansu ba sai 2002, shekara 38 bayan kafa shi, shekara 41 bayan abin da ya faru a Crown Street.

A tsakanin nan an sake karɓar darasin sau biyu. Daga shekarun 1940 an riƙa ba mata wani sinadarin hana ɓari da ake kira DES, duk da wani gwaji a 1953 ya nuna ba ya hanawa. A 1971 Arthur Herbst da abokan aikinsa a Boston suka nuna yana jawo wata daji mai wuyar gani a al'aurar 'ya'ya mata bayan sun balaga, kuma mahaifiyar wata majinyaciya ce ta fara tambaya ko maganin da ta sha tana da ciki yana da hannu. A 1968 Paul Lemoine a Faransa ya bayyana siffofin yara 127 da iyayensu ke shan giya, a 1973 kuma Kenneth Jones da David Smith a Amurka suka ba matsalar suna a The Lancet. Tun daga nan tambaya kan giya da taba da duk abin da mace ke sha ta zama sashe na tarihin da nas ke ɗauka a ranar awon farko.

Tsoro ma yana da tasa illa

Tarihin yana da wani ɓangare da ke hana a ɗauki aikin nas a matsayin hana mai ciki shan magani kawai. McBride ya sami lambobin yabo, ya kafa cibiyar bincike mai suna Foundation 41. Daga baya ya zargi wani maganin laulayi, Debendox, wanda Amurkawa suka sani da Bendectin. A 1987 Norman Swan ya fallasa cewa ya sauya alƙaluman wani gwajin zomaye da ya buga, a 1993 aka soke sunansa daga rajistar likitoci, aka mayar da shi a 1998. Kamfanin da ke yin Bendectin ya daina yin sa a 1983 saboda yawan ƙararraki, ko da yake bincike bai tabbatar yana nakasa jarirai ba. Bayan haka yawan matan da ake kwantarwa a asibiti saboda tsananin amai ya ƙaru a Amurka. A 2013 hukumar ta sake amincewa da sinadaran nan guda biyu da wani suna. Ana gudun gara, aka faɗa gidan zago.

Shi kansa talidomaid bai ɓace ba. A 1964 wani likita a birnin Ƙudus, Jacob Sheskin, ya ga yana kwantar da wani matsanancin kumburi da masu kuturta ke fama da shi. Amurka ta amince da shi don wannan a 1998, da kuma wata dajin ɓargo a 2006, bisa sharuɗɗa masu tsauri: gwajin ciki kafin a fara da kuma a kai a kai, hanyoyin tazarar haihuwa guda biyu, da bayani baki da baki wanda sau da yawa nas ce ke yin sa. A Barazil, inda kuturta ke da yawa, an ci gaba da haihuwar yara masu wannan nakasa shekaru da dama bayan 1962, wani lokaci saboda an ba mace ragowar maganin wani ɗan gida. Inda bayanin ya yanke, ɓarnar ta dawo.

Abin da ya rage ga ɗakin awo

Nijeriya ta shiga shirin sa ido na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2004, kuma hukumar NAFDAC tana karɓar rahoton illar magani daga kowane ma'aikacin lafiya, har da nas da ungozoma. Yanayin da ya ba talidomaid dama kuwa sananne ne a garuruwan ƙasar Hausa: magani a kemis ba takarda, maƙwabciya ta ba maƙwabciya ragowar nata, mace kuma ta ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya, ba ta zuwa awo sai ya yi wata huɗu ko biyar. A lokacin an daɗe da wuce kwanakin da gaɓoɓi ke haɗuwa.

Saboda haka tambaya mafi amfani ba a ɗakin awo kaɗai ake yin ta ba. Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, ko ciwon kai ya kawo ta, ya kamata a tambaye ta yaushe rabonta da al'ada kafin a miƙa mata magani. Tambaya ta biyu kuma sai an yi ta yadda Lenz ya koya: idan aka ce "Hajiya, kina shan wani magani?" amsar takan zama a'a. Sai an ambaci abubuwa ɗaya bayan ɗaya, na barci, na ciwon jiki, jiƙo, tsimi, man bilicin, kwalli, ko a ce ta zo da duk abin da take sha cikin leda. Wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da sinadarin makuri, wani kwalli kuma yana da dalma, kuma dukkansu suna ƙetare mabiyiya. Gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta nuna cewa haɗarin kan zo ta ƙurar tsakar gida ma.

Sannan akwai hukuncin da ke buƙatar ilimi. Maganin farfaɗiya na falfuret yana jawo babbar nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10, amma mai farfaɗiya da ta yanke magani kai tsaye tana jefa kanta da cikinta cikin haɗari, don haka aikin nas shi ne ta haɗa ta da likita a sauya mata, in da hali tun kafin ta ɗauki ciki. Wasu magungunan hawan jini suna lalata ƙodar ɗan tayi, amma akwai irin metildofa da nifedifin da ake maye gurbinsu da su. Folik asid, ƙwayar ƙarin jini, allurar rigakafin sandarewar haƙora, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara bayarwa daga mako na 13 duk abubuwa ne da barin su ke cutarwa.

Na ƙarshe shi ne rubutu da rahoto. Ungozomar da ta karɓi haihuwa biyu ko uku masu nakasa iri ɗaya daga unguwa ɗaya tana riƙe da bayanin da babu wani masani a Abuja ko Yamai da ke da shi. Amfaninsa ya dogara ga abu biyu: ta rubuta shi da kwanan wata da abin da uwar ta sha, sannan shugabannin asibitin su kasance masu sauraron ma'aikaciyar da ke ƙasa da su a muƙami.